Baƙar Wuƙar Kakana

Ka taɓa jin warin ƙarfen da inji ya ƙona? Ba warin maƙera nake nufi ba. Wancan ƙamshi ne, na gawayi da gumi da fatar zuga-zugi. Ina nufin warin nan mai kama maƙogwaro, wanda ke tashi idan aka danna bakin wuƙa a kan dutsen inji yana juyawa, tartsatsi na zuba a ƙasa. A nan Manfuha, cikin Riyad, akwai wani ɗan shago a layin da nake bi zuwa wurin aiki, tun safe wannan ta'asar ake yi a cikinsa. Da can nakan wuce ko waiwaye ba na yi. Yanzu sai in tsallaka titi in bi ta cikin rana. Gara zafi ya gasa ni da in shaƙi warin nan. Zan gaya maka dalili, ko da yake na san faɗar ba za ta gyara komai ba.

Ni mahauci ne, ko in ce ma'aikacin mahauci, don shagon ba nawa ba ne, gemuna ne kawai ya yi furfura a cikinsa. Fiɗa nake yi, in sassara ƙashi, in wanke daɓe, mai shago ya ce yalla in ce to. Ban yi nisa a boko ba, saboda haka kada ka jira daɗin baki daga wurina. Amma ni jikan maharbi ne, daga wani ƙauye kudu da Maraɗi, kusa da gulbi. Abu ɗaya da na iya a duniya fiye da fiɗa shi ne in riƙe tsohuwar wuƙar farauta in gaya maka zamaninta, in gaya maka ko ta kirki ce ko tarkace. Tun da na zo ƙasar nan ba wanda ya taɓa tambayata.

Ina da ɗa namiji guda ɗaya. A nan aka haife shi, bai taɓa taka ƙasarmu ba. Larabci a bakinsa kamar ruwa, Hausa kuwa sai ya tsaya yana lalube kamar mai neman takalminsa a ƙofar masallaci. Wata rana ya dawo daga makaranta ya ƙi cin abinci. Uwarsa ta yi ta lallashi har ya faɗi abin da ke damunsa. Ashe gidan wani abokinsa Balarabe ya je, ya ga takobin kakansu rataye a bangon ɗakin baƙi. Abokin ya jero masa kakanni ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juyo ya ce, ku fa? 

Da na shigo ya tare ni da Hausarsa mai ɗingishi. "Baba, mu ba mu da komai?"

Na ce, "Wa ya gaya maka? Muna da wuƙa. Ta girmi takobin abokinka, ta girmi bangon da aka rataye shi. Zan sa a kawo maka ita, ka riƙe da hannunka, in koya maka yadda ake karanta ta."

Ban taɓa yi wa yaron nan alkawarin gida ko mota ba, don na san iyakata. Wannan ɗin kawai na yi masa.

Bari in mayar da kai inda wuƙar take.

Gidanmu na ƙasa ne, da rumbuna a tsakiya, da wani babban gawo a ƙofar zaure. A ƙarƙashin gawon nan kakana yake zama a kan wata fatar gwanki da gashinta ya gama zubewa. Ɗan guntun mutum ne, busasshe kamar kilishi, hannuwansa duk tabo. Kusa da ƙafarsa akwai dutsen washi rabinsa binne a ƙasa, tsakiyarsa ya lotsa kamar akushi saboda yawan guga, da wani fasasshen kasko da ake zuba ruwa. Idan kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu, an tattara kara, ciyawar daji ta bushe, sai maharba su fara shiri. A lokacin ne za ka farka da safe ka ji sauti biyu suna amsa wa juna: taɓaryar mata daga cikin gida, da wuƙa a kan dutse daga waje. Har yau idan na rufe ido su nake ji.

Maharban ƙauyukan da ke kewaye da mu wurinsa suke kawo wuƙaƙensu. Wani zai saya yana so a duba masa, wani ya gada yana so ya san abin da ya gada. Ba a miƙa masa a hannu. A wurin maharba ba a ba da wuƙa hannu da hannu, sai a ajiye ta a ƙasa, tsininta na duban daji, mai karɓa ya ɗauka da kansa. Idan ya ɗauka, abu na farko da yake yi shi ne ya rufe ido. Yakan ce ido ne bawa na farko da ake saya a kasuwa. Sai ya riƙe ta da yatsu biyu a wuya, inda ƙota ta haɗu da ƙarfe, ya ɗalle ta da farce, ya kai kunne. Kowa ya yi tsit, har kaji kamar sun sani. Ƙarfen kirki yana amsawa da wani siririn kuka mai tsawo, yana tafiya yana siracewa har ya ɓace. Na banza sai ya ce ƙwas ya yi shiru. Wanda ya tsage daga ciki, inda ido ba ya gani, sai ya yi ɗan zuuu kamar ƙuda a cikin gora. Bayan nan ya hura mata numfashi ya buɗe ido ya ga yadda tururin ke janyewa. Sannan ya ɗora bakinta a kan farcen babban yatsansa, a karkace, ya ga ko za ta kama ko za ta zame. Daga ƙarshe ya ɗaga ta daidai hancinsa ya bi bayanta da kallo, yana ƙirga sawun masabar maƙeri.

Ni ne jikansa na fari, don haka ni ne abokin faɗansa. Ba ya kirana sai da tsokana.

"Kai, ɓarawon mata, bar gindin kakarka ka zo nan. Ai ta ce ba ta son ka, majinarka ta yi yawa."

Daga cikin gida kakata za ta ɗaga murya. "Ƙarya yake yi, maigidana. Kai nake so. Wancan ko haƙori ba shi da shi."

Sai ya yi dariya ya ja ni jikinsa, ya sa mini bayan wuƙa a harshe. "Me ka ji?" In ce, ɗanɗanon ruwan rijiyarmu. Ya ce, "To, riƙe shi. Tama ke nan."

Shi ya koya mini cewa ƙarfen wuƙa zamani uku ne. Na farko tama, wadda maƙeranmu suka haƙo daga ƙasa suka narka da kansu tun kafin Nasara ya zo. Ba ta da nauyi, kuma idan ka karkata ta ga rana za ka ga wasu siraran jijiyoyi suna bin tsawonta kamar na itace. Tana saurin ɗaukar kaifi, tana saurin saki, amma ba ta karyewa, gara ta lanƙwasa a miƙe ta. Na biyu ƙarfen titin jirgi, wanda fatake suka riƙa shigo da shi daga kudu lokacin kakana yana saurayi. Shi mai nauyi ne, sumul, ba jijiya. Na uku sifirin ɗin babbar mota, na zamanin babana. Mai taurin kai ne, yana riƙe kaifi, amma ko yaya aka buge shi sai ka ga ɗan bauɗiya a bayansa. Kakana yakan ce ƙarfen mota ba ya manta motar da ya fito. Na taɓa tambayarsa me zai zo bayan sifirin. Ya tofar da goro ya ce, "Gwangwani."

Ƙarfe kaɗai ba ya ba ka shekaru. Sai ka dubi ciki. Wuƙar da ta daɗe tana aiki dutse yana cin ta a hankali, tsakiyar bakinta ya rame ya shiga ciki, gindi da tsini su rage da kauri. Daga yadda ta rame ma ana gane ko mai ita bahago ne. Sannan sai launi. Mutane da yawa ba sa bambanta tsatsa da baƙi. Tsatsa ja ce, tana barbaɗuwa, cuta ce, alamar ragon mai gida. Baƙi kuwa lafiya ne. Jini ne da kitse da gumin hannu suka shiga ƙarfen shekara bisa shekara har ya zama kamar gindin tukunya, amma mai sheƙi. Shi ya sa ba a wanke wuƙar maharbi da ruwa, ba a goge ta da toka. Busasshiyar ciyawa ake sa mata, a bi da kitse, a mayar kube. Kuma baƙin gaskiya ba ya zama bai ɗaya. Inda yatsa ke zama yana da haske, inda kube ke guga yana da haske, lungu ne ke da duhu.

Na tuna wata shekara baffana, ƙanen babana, ya dawo daga ci-rani a kurmi da wata farar wuƙa mai rubutun Turawa a jiki. Ya ajiye ta gaban kakana yana ta washe baki.

"Baba, ka ga wuƙa? Har fuskarka kana gani a ciki."

"Madalla. Sai ka kai wa uwarka ta riƙa sa kwalli."

Mutanen da ke zaune suka fashe da dariya. Kakana ya ɗalle ta, ya ƙwanƙwasa ƙotar da ƙashin yatsa, ya ce, "Ƙarfen ba laifi. Amma ina wutsiyarta?" Wutsiya ita ce ƙarfen da ke shiga cikin ƙota. A wuƙar kirki tana ratsa ƙotar har ta fito ta gindi a tanƙwara ta. Ta baffana 'yar guntuwa ce aka soka aka liƙe. Ya yi fushi ya ɗauki abarsa. Da layya ta zo ya sa ta a gaɓar ƙafar bijimi ya murɗa, sai ga ƙota a hannunsa, ƙarfe a jikin nama. Har ya mutu ana ce masa mai madubi.

To, ita tasa wuƙar, wadda na yi wa ɗana alkawari, ta tama ce. Baƙa ƙirin, cikinta a rame kamar jinjirin wata, ƙotarta ƙahon gwanki da hannu ya lashe har ya yi santsi. Kubenta asalinsa ja ne, amma ban taɓa ganinsa ja ba, da layu biyu ɗinke a bakinsa waɗanda ba wanda ya san abin da ke ciki. Abin da ya fi komai a jikinta shi ne zoben fata a wuyan ƙota. Al'adar gidanmu ce, duk wanda ya gaji wuƙar sai ya yanko siririn tsiri daga fatar babban naman da ya fara kashewa da hannunsa, ya naɗa shi da ɗanyensa, ya bushe ya kama. Uku ne a jikinta. Na ƙasa, wanda ya koma kamar ƙarfe don tsufa, fatar ɓauna ce, ta kakan kakana. Na tsakiya gwanki. Na sama, na kakana, barewa.

Ka lura da kyau. Ɓauna, gwanki, barewa. Ina yaro na ɗauka sunayen kakannina nake koyo. Sai da na girma na gane mutuwar dajinmu ce aka rubuta a wuyan wuƙar, kowane zobe ya fi na ƙasansa ƙanƙanta.

Babana bai naɗa nasa ba. Kafin ya kawo ƙarfi gonaki sun cinye daji, fari ya zo ya tafi ya sake dawowa, masu gatari sun gama da abin da ya rage. Na ga ranar da ya dawo daga doguwar farauta a cikin bazara, leɓensa a tsattsage, ba komai a kafaɗarsa sai zomo ɗaya. Ya ajiye shi gaban kakana. Ba a naɗa fatar zomo a wuyan wuƙa, su duka sun sani. Kakana ya daɗe yana kallon zomon, sannan ya ce, "Ba laifinka ba ne. Dajin ne ya riga ni mutuwa." Tun daga ranar babana ya rataye baka, ya kama fartanya, kuma ban sake jin maganar farauta a bakinsa ba har ya koma ga Allah.

Da ciwon ajali ya kama kakana, cikin damina ne, gero ya fara fitar da kai. Ya sa aka fito da shi gindin gawo da hantsi. Ya kwance wuƙar daga ƙugunsa ya ajiye a ƙasa gaban babana. Babana ya ɗauka kansa a sunkuye, kamar wanda aka ba ajiyar da ta fi ƙarfinsa. Kakana ya dube ni ya ce, "Ɓarawon mata, ɗalle ta in ji." Na ɗalle ta na kai masa kunne. Ya lumshe ido har kukan ya ƙare. Ya ce, "Tana nan."

Bayan haka ba wani labari mai daɗi. Gona ta kasa ciyar da mu, na fito neman abinci, ƙafa ta kawo ni nan. Na ce shekara biyu zan yi. Kai ma ka san yadda shekara biyun ɗan ci-rani take. Iƙama, takardar zama, ta ƙare a sabunta, kafilin da ya tsaya maka ya canza a saba da sabo, ka yi aure, ka haihu, wata rana ka duba madubin aski ka ga babanka yana kallonka. Babana ya rasu ina nan. Innata ta ɗauki wuƙar ta sa a ƙasan akwatinta, duk lokacin kaka ta fito da ita ta shafa mata man shanu, ba don ta san karatunta ba, don ta ga ana yi. Ita ma ta rasu ina nan. Gida ya koma hannun autanmu, wanda aka haifa bayan mutuwar kakana, yana haya da babur tsakanin ƙauye da birni. Yaro ne mai kirki. Ka riƙe wannan, don abin da zan faɗa gaba ba mugu ne ya yi shi ba.

Na kira shi na ce ya buɗe akwatin Inna ya ciro wuƙar, ya ba wani ɗan garinmu da ke wankin mota a unguwar Malaz, nan Riyad, wanda ya je hutu gida yana shirin dawowa. Ya ce, "An gama, Yaya."

Kafin ta iso na ce bari in fara buɗe wa yaron ido. Wata Juma'a da la'asar na kai shi Dira, kasuwar tsofaffin kaya, inda ake baza butocin gahawa da darduma da takubba da wuƙaƙe. Muka tsaya gaban wani tebur. Na raɗa masa, dubi waccan, baƙinta ɗaya ne daga sama har ƙasa, har inda yatsa ke zama, kuma cikinta a cike, dutse bai taɓa cin ta ba. Sabuwa ce aka shafa mata wani abu aka binne don ta yi kama da tsohuwa. Waccan ta gefe kuwa, wadda ba wanda ke kallo, ita ce ta ga duniya. Na ga idon yaron ya buɗe. Ya nuna wata ya ce, "Wannan fa, Baba? Kazzaba?" Wato maƙaryaciya. Na ce ƙwarai. Ya yi dariya, irin dariyar da rabona da ji daga gare shi tun yana ƙarami. Na miƙa hannu zan ɗauki ɗaya in nuna masa yadda ake ɗallewa, mai tebur ya daka mini tsawa, wai ba a taɓawa. Ya dubi tufafina ya gama lissafinsa. Na janye hannu. A hanya na ce wa yaron, "Ƙyale shi. Tamu na zuwa, za ka taɓa har ka gaji."

Ana gobe ɗan garinmu zai taso, autanmu ya turo mini murya a waya, yana ta dariya. "Yaya, na shirya maka bazata. Idan ka gani sai ka sa mini albarka." Na ɗauka kilishi ne.

Bayan sallar Juma'a aka kawo ƙunshin, cikin leda, tsakanin kuka da yaji da daddawa. Na shimfiɗa tabarma, na zaunar da yaron a gabana, uwarsa ta leƙo daga kicin. Tun kafin in gama warware takardar da aka naɗe ta na ji warin. Duk yajin da daddawar ba su danne shi ba.

Fara ce fat. Tana ƙyalli kamar cokali. An kai ta bakin inji an ci baƙin har sai da ba ɗigo. An ci jijiyoyin tamar, an ci sawun masaba. Cikin nan da hannun mutum uku suka ramar a hankali an daidaita shi da gindi da tsini, ta miƙe sambal, siririya kamar ganyen kaba. A gefen bakinta da tsini akwai wani shuɗi-shuɗi kamar bayan ƙudan juji, alamar inji ya ƙona ƙarfen, taurin da maƙeri ya ba shi ya fita. Ƙahon gwanki babu. An sa mata ƙotar roba ja da ƙusoshi masu walƙiya. Zoben fata babu ko ɗaya. Kuben ma sabo ne, mai rini kore da rawaya, irin wanda ake sayar wa baƙi a tasha.

Yaron ya ce, "Wallah hilwa!" Wai ta yi kyau. Sai ya dubi fuskata, ya sake duban wuƙar. Abin da na koya masa a Dira ne ya dawo masa. Ya ce a hankali, "Amma Baba, wannan sabuwa ce. Ka ce baƙa ce."

Na riƙe ta da yatsu biyu na ɗalle ta. Ƙwas.

Na fita bakin ƙofa na kira autanmu. Ya ɗauka da murna.

"Yaya, ta iso? Ka ga aiki ko?"

"Ina ƙahon?"

"Wane? Tsohuwar ƙotar? Ai ta fara tsagewa, mai injin ya fasa ta ya cire."

"Zoben fatar fa?"

"Waɗannan ƙiragan? Yaya, ƙarni suke yi. An yanke an zubar."

Sai ya ba ni labarin yadda aka yi. Da ɗan garinmu ya ga layun da ke jikin kuben sai ya ja da baya. Ya ce shi ba zai bi ta filin jirgi da wannan ba, a Saudiyya laya sihiri ce a wurin hukuma, wanda aka kama da ita ya shiga uku, shi kuma yana da 'ya'ya. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa, ni ma da na tsaya na yi tunani da na tuna. Sai aka cire kuben. Ya ce zoben fatar ma kama da ƙulle-ƙullen boka suke, a cire. Da autanmu ya ga an riga an tuɓe ta, sai ya ce bari ya ƙarasa alheri, ya ɗauke ta a babur har birni wurin mai inji.

"Ni fa don kada yaronka ya raina mu ne, Yaya. Ɗan Saudiyya guda, a miƙa masa abu baƙi ƙirin kamar an tono a juji, ya ce haka danginsa suke?"

Na zage shi. Zagin da ba zan rubuta a nan ba, tunda uwarmu ɗaya.  Da na gama ya ce, "Wa ya taɓa gaya mini? Baba bai taɓa maganarta ba. Kai kuma ina goye ka tafi."

Na kashe wayar. Garin neman gira an rasa ido, kuma ba ka da wanda za ka kama. Mai laya yana tsoron hukuma, auta yana tsoron kunya, mai inji aikinsa ya yi. Ka duba abin takaici: a Dira ana shafa wa sabuwa baƙi don a ce tsohuwa ce, mu kuma da muke da tsohuwar ta gaske mun kai ta an wanke ta don a ce sabuwa ce.

Bayan kwana biyu zuciyata ta ɗan sauka, na sake kiransa na tambayi dutsen washin gindin gawo, ko shi ya rage. Ya ce gawon an sare shi tun da aka ja wayar lantarki, dutsen kuma yana cikin harsashin sabon ɗakinsa, an zuba masa siminti. Na ce Allah ya sanya alheri.

Na gwada ta sau ɗaya a wurin aiki, a haƙarƙarin rago. Bakinta ya naɗe kamar murfin gwangwani. Kakana ya faɗa, ni ne ban ɗauka a gidanmu zai cika ba. Yanzu tana cikin durowar kicin tare da cokula. Uwar yaron ta tambaye ni ko ta riƙa yanka albasa da ita, na ce ta yi, ai ko albasa aiki ne.

Yaron bai sake ta da maganar abokinsa ba. Ya zama mai tausaya mini, yana kawo mini shayi ban tambaya ba, kuma wallahi da ya yi mini tsiwa da ya fi mini sauƙi. Zan iya zaunar da shi in ce ɓauna, gwanki, barewa, amma bai taɓa ganin ko ɗaya ba sai a waya. Abin da na sani ba a baki yake ba. A farce yake, da harshe, da kunne, kuma sai da ƙarfen a hannu ake zuba shi daga wani zuwa wani. Da ni zai shiga rami, a ƙasar da ko ramin ma ba sa sa masa alama.

Rannan na dawo daga aiki da la'asar, na tsallaka titi kamar kullum don guje wa shagon injin. Na shigo na same shi a kicin, bai ji shigowata ba. Ya ciro wuƙar daga durowa, ya riƙe ta da yatsu biyu a wuya, daidai yadda ya ga na yi. Idonsa a rufe. Ya ɗalle ta ya kai kunne. Ya sake ɗallewa. Da ya buɗe ido ya gan ni, sai ya miƙo mini ita hannu da hannu, don ba wanda ya gaya masa a ƙasa ake ajiyewa.

"Baba, me ya kamata in ji?"

Na buɗe baki. Kukan yana nan cikin kaina, siriri, mai tsawo, da inuwar gawo da taɓaryar mata a bayansa. Na nemi kalmar a Hausa ban samu ba, Larabcin kuwa dama na ciniki ne kawai na iya.

Na karɓa na mayar cikin cokula. Na ce, "Je ka yi sallah, la'asar na wucewa."